Milimita Uku a Kunnen Mai Agogo

Ranar da mijina ya ce mini yana jin motsin idonsa, wanke kofuna nake yi. Ko juyowa ban yi ba. Na ce, "To me idon yake cewa?"

Ya ce, "Ba magana yake yi ba. Ƙara ce, kamar ana jan takarda a kan tebur. In na kalli hagu, shuu. In na kalli dama, shuu."

Na ce, "To ka daina kallon hagu da dama, ka kalli gabanka, ka miƙo mini kofin can."

Ya miƙo mini. Yau shekara biyu da wata uku ke nan.

Ni mai ɗaukar hoto ce a asibiti, hoton cikin mutum. Shekara ashirin da biyu ina kan na'urar da ake kira siti sikan. Ƙaton zobe ne da gado a gabansa. Mutum ya kwanta, gadon ya shige da shi, na'urar ta yanka shi fala-fala kamar burodi, ba jini ba zafi, ni kuma ina bayan gilashi ina kallon yankan a allo ɗaya bayan ɗaya. A wurin aiki Lasifika ake ce mini. Akwai makirfo a ɗakin, amma sun ce don ƙa'ida kawai aka saka shi, in na ce wa mara lafiya "Kada ka motsa!" har masu jiran magani a ƙasan bene suna ƙamewa. Ban taɓa jin haushin sunan ba. Allah ne ya ba ni murya, ban saya ba.

Shi kuwa maigidana mai gyaran agogo ne. Shagonsa faɗin ƙofa ɗaya, da tebur, da fitila mai lanƙwasa wuya, da gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Mutum ne da in ya yi magana goma a yini, to an yi baƙi. Tun muna sabon aure ake cewa mun dace, ni ina yi mana magana mu biyu, shi yana yi mana shiru mu biyu. Yaranmu sun girma sun watse, daga ni sai shi a gidan.

Bayan ido sai zuciya. Ya ce yana jin bugunta a kunnen hagu, dum, dum, ba hutu. Sai tafin ƙafa: in ya taka ƙasa da takalmi, cikin kansa yake jin takun, don haka ya koma yawo da safa a tsakar gida. Ya daina cin duk abin da ake gurgura, ya ce ƙarar tauna ta ishe shi. Muryarsa ma ta dame shi, wai in ya yi magana kamar ya sa kai a cikin duro ne, sai ya koma raɗa. Wata rana ya dawo tun kafin azahar da makullin shago a hannu, ya rataye shi a ƙusa. Ya ce ya kara agogo a kunne, ya rasa wanne ne bugun agogon wanne ne nasa. Bai sake ɗaukar makullin ba.

Duk wannan na haƙura. Abin da ban haƙura da shi ba guda biyu ne.

Na farko, wata safiya na leƙo daga kicin, yana tsaye dab da ƙofa ban sani ba, na ƙwala masa kira a gefen kunne. Sai mutumin nan ya kama ƙyaure, ya sulale ya zauna a ƙasa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce mini, a raɗe, cikin ladabi, "Muryarki tana sa ni jiri." Shekara ashirin da shida da aure! An zage ni a rayuwa, marasa lafiya sun zage ni, dangin marasa lafiya sun zage ni, amma ban taɓa jin zagin da ya shige ni kamar wannan ba. Kwana uku ban yi masa magana ba, kuma abin da ya ƙara ƙona mini rai, sai na ga ya ɗan murmure.

Na biyu, kallo. Sai in zauna ina tsintar wake ko ina ninke kaya, in ɗago in ga ya ƙura mini ido, ko ƙiftawa da ƙyar. Minti biyar, minti goma. In ce, "Malam, lafiya? Ƙaho na fitar?" Sai ya sunkuyar da kai. Jimawa kaɗan ya sake.

To, akwai wata ɗabi'a tamu ta ma'aikata, muna ce mata hoton gida. In ɗan uwanka ba shi da lafiya, ba ka bin layi, ba ka neman katin likita. Ka shigo da shi ta ƙofar baya lokacin cin abinci, ka ɗauka, ka nuna wa likitan da ka fara cin karo da shi. Kowa yana yi, kuma kowa yana ganin gata ne. Haka na yi wa mijina. Na ce, ido, zuciya, ƙafa, murya, ai duk a kai suke haɗuwa. Na kwantar da shi, na danna maɓallin hoton kai, wanda hannuna yake dannawa sau ashirin a yini ko ina barci. Yankan hoton kai kaurinsa milimita biyar ne. Na ce ta makirfo, "Kada ka motsa!" Ya zabura, hoton ya ɓaci. Na yi masa faɗa, na sake. Minti huɗu muka gama komai.

Tsohon likitanmu na lokacin na tara a baranda, da kofin shayi a hannu. Ya ɗaga hoton ta taga, ya ce, "Ƙwaƙwalwa garau. Ta fi tawa." Na dawo na faɗa wa maigida. Yana ɗaura agogonsa a hannu, ya ce, "Kin yi sauri."

Na ce, "Me?"

Ya ce, "Agogon da aka duba a minti huɗu ba a duba shi ba."

Na ce masa shi ya ji da agogo, ni in ji da mutane.

Wannan hoton ne ya zama hujja. Yayan mijina, wanda duk dangi muke ce wa Yaya, ya karɓe shi ya sa a ambulan mai ruwan ƙasa. Yaya ya yi ritaya daga ofishin motocin haya, kuma abu biyu ya fito da su daga can, son takarda da son hon. Ba ya sallama da baki in motarsa tana kusa. Duk inda aka zauna zancen ƙaninsa sai ya zaro ambulan ya ce, "Ga shi, matarsa ce ta ɗauka da hannunta. Jiki lafiya lau. Tun da jiki lafiya, saura me?" Sai ya taɓa goshi da yatsa.

Ya yi ta zirga-zirga har ya samo masa gado a asibitin masu taɓin hankali da ke bayan gari. Ya kawo fom mai shafi huɗu, akwai wurin da matar mara lafiya za ta rubuta abin da ta lura da shi. Na rubuta: yana magana a raɗe. Yana yawo da safa. Ya bar sana'arsa ba dalili. Yana cewa yana jin idonsa. Yana ƙura wa mutum ido. Na sa hannu a ƙasa. Yaya ya ce ranar Alhamis ƙarfe tara zai zo da mota.

Maigida ya ga lokacin da na sa hannun. Ya tashi ya ɗauko ƙaramar jaka ya fara ninke safa a ciki.

Ba mugunta ce ta sa ni ba, Allah ya sani. Na gaji ne. Kuma in faɗi gaskiya, ya fi mini sauƙi a ce mijina ya taɓu da a ce mijina lafiyarsa ƙalau, muryata ce kawai ta ishe shi.

Ranar Litinin ta makon, muna ɗakin shan shayi a wurin aiki. Labarin idon mijina ya daɗe da zama abin dariyarmu, ni nake bayar da shi, har da kwaikwayon shuu ɗin. Dogo, mai tura gadon marasa lafiya, ya ji shi ya fi sau talatin, amma kullum sai ya ƙware da shayi. Ranar akwai sabuwar ma'aikaciyar jinya da ba ta taɓa ji ba, sai na ɗauko labarin daga farko. Kowa ya yi dariya, ban da mutum ɗaya.

Sabuwar likitar hoto ce, mako uku da zuwanta bayan tsohon ya yi ritaya. 'Yar ƙarama, ba ta fi in haife ta ba, kullum tana kusurwa da burodinta. Ta ajiye kofi ta ce, "Anti, yana jin bugun zuciyarsa?"

Na ce, "Har da ƙafa."

"A wane kunne?"

"Hagu, in ji shi."

"In aka yi ƙara mai ƙarfi kusa da shi, yana jin jiri?"

Dogo ya ce, "Likita, ai da Lasifika yake zaune," aka sake fashewa. Ni ban yi dariya ba wannan karon, don ban taɓa faɗa wa kowa zancen jirin ba. Shi kaɗai nake cirewa daga labarin.

Ta ce, "An yi masa hoto?"

"Ni na yi masa. Garau."

"Kaurin yankan milimita nawa?"

"Biyar."

Ta jawo kofinta, ta sa yatsa a hannun kofin. Ta ce, "Anti, kin fi ni sanin ƙashin da kunne yake ciki. Akwai bututun nan uku masu lanƙwasa kamar wannan, cike da ruwa, su suke hana mutum faɗuwa. Na sama yana da rufi na ƙashi, kaurinsa bai kai farce ba. A wasu mutane rufin yana hujewa. In ya huje, duk ƙarar da ke cikin jiki sai ta samu ƙofa ta shiga kunne, zuciya, taku, murya, har motsin ido. Ƙara mai ƙarfi daga waje kuma ta girgiza ruwan, ɗaki ya juya wa mutum." Ta ɗauki burodinta. "Yankan milimita biyar ba ya ganin wannan. Tsallake shi yake yi."

Raina ya ɓaci, kuma ya ɓaci ne don na gane tun kafin ta rufe baki. Hoton ƙashin kunne na ɗauke shi ya fi sau dubu. Na san maɓallinsa, na san yankansa rabin milimita ne, na san ana sa na'urar ta fito da ƙashi ba nama ba. Amma mu hannunmu kati yake bi. In kati ya ce kunne, mu yi kunne. Mijina ba shi da kati, don na yi masa gata. Ba wanda ya zauna ya saurare shi ya rubuta kunne, ni kuma na ji ido da zuciya na ce kai.

Na ce, "Likita, shekarata ashirin da biyu a kan na'urar nan."

Ta ce, "Na sani, Anti. Ban ce shi ne ba, sai an gani. Amma a kawo shi ta ƙofar gaba. Ya fara ganin likitan kunne, ya zo da kati."

Da na koma gida na same shi a kan kujerarsa, jakar tana gefe a zuge. Na tsaya daga nesa kaɗan, na rage murya iya yadda zan iya, wanda a wurin wasu shi ne magana ta yau da kullum. Na ce za a sake hoto.

Ya ce, "Ke za ki ɗauka?"

"Ni."

Ya ɗan yi tunani. "Lokacin cin abinci?"

Na haɗiye wannan. Wanzami dai ba ya son jarfa. Na ce, "A'a, da kati, a layi."

Talata muka bi layi a wurin likitan kunne, awa uku a kan benci, ni da rigar aikina, masu wucewa suna gaishe ni suna mamaki. Likitan dattijo ne mai furfura a gira. Ya saurari maigida tun daga ido har safa, bai katse shi ba, sai da ya matso da kujera don ya ji raɗan. Ni ina tsaye ina lissafi, minti goma sha biyar cur mijina ya yi yana magana, rabon da in ji haka tun yana neman aurena. Sannan likitan ya ɗauko wani ƙarfe kamar cokali mai yatsu biyu, ya buga shi a gwiwarsa, ya ce a cire safa. Ya ɗora gindin ƙarfen a idon sawun mijina.

Ya ce, "Malam, kana jin wani abu?"

Maigida ya ɗaga hannu ya nuna kunnen hagu. "Nan."

Na ce, "A ƙafa fa aka sa."

Likitan bai kalle ni ba. Ya jawo kati ya rubuta layi uku, ya ja layi a ƙarƙashin rabin milimita har sau biyu, ya miƙa mini kamar bai san ni ba.

Laraba ƙarfe goma aka kira lambarsa. Dogo ya rako shi ciki. Na kwantar da shi, na gyara masa kai a cikin mariƙi, na sa ya ɗan sunkuyar da haɓa, na daidaita jan layin haske a kan kunnuwansa biyu har sai da suka yi daidai. Na ɗaure masa goshi da maɗauri. Sau uku ina komawa ina dubawa. Daga nan ban koma bayan gilashi na kama makirfo ba. Na sunkuya ta kunnen dama na ce masa a hankali, "Malam, daƙiƙa goma. Kada ka motsa, kada ka haɗiyi yawu."

Dogo ya dube ni ya ce, "Ikon Allah. Lasifika ta lalace?"

Na nuna masa ƙofa da yatsa, ya fita.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana riƙe numfashi yana saka ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ba sai an koya masa zama shiru ba. Ko gashin ido bai motsa ba. Ban taɓa ɗaukar hoto mai tsabta irin wannan ba, kuma na ji kunyar hakan.

Yankan suka fara zubowa a allo, ɗaruruwa. Likitar hoto ta jawo kujera kusa da ni, tana murza linzamin kwamfuta a hankali. Muka shiga ta ramin kunne, muka wuce ƴan ƙasusuwan nan uku da ke rataye a tsakiya, ƙaraminsu bai kai ƙwayar shinkafa ba, muka wuce abin nan mai siffar dodon koɗi da yake naɗe a cikin farin ƙashi. Duk lafiya. Ta ce, "Yanzu ki karkata mini shi, ki bi kwanciyar bututun sama." Na juya hoton kaɗan-kaɗan har bututun ya fito gaba ɗaya, baƙin lanƙwasa a cikin fari.

Muka fara da dama. Farin layi ya bi saman bututun daga wannan gefe zuwa wancan, siriri amma bai yanke ba.

Muka koma hagu. Farin layin ya taso, ya hau, ya tsaya. Sai baƙi. Can gaba ya ci gaba abinsa.

Likita ta ce, "Auna."

Na sa alama nan, na sa can. Na sake aunawa don in tabbatar. Na ce, "Uku."

Ta ce, "Uku."

Na ce ina zuwa. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji, na yi kuka. An ji. Dogo ya faɗa mini daga baya cewa har ɗakin karɓar kati an ji, wata mata ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Da na wanke fuska na shigo da maigida bayan gilashi, inda ba a shigo da marasa lafiya. Likita ta nuna masa dama, ta nuna masa hagu. Ta ce za ta iya ƙara girman hoton, ya ce ta bar shi. Ya laluba aljihu ya zaro gilashinsa na gyaran agogo, wanda ban san yana yawo da shi ba, ya maƙala a ido, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya daɗe.

Ya ce, "Nawa ne faɗinsa?"

Likita ta ce, "Milimita uku kacal."

Ya ce, "Kacal? A wurinmu wannan ai ƙofa ce."

Ta yi masa bayani cewa akwai aikin da ake yi a toshe wurin, wasu suna yi, wasu suna zama da shi in sun san mene ne, shi da likitan kunne za su zauna su yanke. Ya saurara. Ya cire gilashin, ya goge shi da bakin riga.

Ya ce, "Likita, wato ba hauka ba ne."

Ta ce, "A'a, Baba. Ƙashi ne."

Ya gyaɗa kai. Na tsaya ina jira ya juyo ya ce mini ai na faɗa miki, ko ya ce kin yi sauri, ko ma ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya yi wa likita godiya, ya yi wa Dogo godiya, muka hau mota muka koma gida. Jakar tana nan inda ya bar ta, bai buɗe ba.

Alhamis ƙarfe tara saura biyar, hon ya tashi a ƙofar gida. Na ga maigida ya dafe tebur. Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Na zura hannu ta tagar motar na ɗauke hannun Yaya daga kan sitiyari.

A rayuwata ban taɓa yin faɗa a raɗe ba, kuma ina shaida wa kowa abu ne mai wuya, kamar ka yi gudu da tire cike da kofuna. Na ce, "Yaya, in ka sake taɓa hon ɗin nan, ni da kai ne."

Ya ce, "Ke kuma lafiya? Ke ma kin kamu?"

Na miƙa masa sabon ambulan. Ya zaro takardar likita ya karanta, ya sake karantawa, yana bin layi da yatsa. Yaya yana girmama takarda mai hatimi, wannan kuwa hatimi biyu gare ta. Ya buɗe aljihun mota ya zaro tsohon ambulan ɗin, ya riƙe su hannu bibbiyu.

Ya ce, "To wannan fa? Ke kika ɗauka. Shekara biyu ina nuna wa mutane."

Na ce, "Ni na ɗauka."

"To?"

Maƙwabciyarmu tana shara a ƙofarta, ta rage sauri. Na ce, "Ban ɗauka daidai ba, Yaya. Na yi gaggawa, na danna abin da ba shi ba. Ƙaninka gaskiya yake faɗa tun ranar farko."

Ya kalle ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Amma an riga an cike fom. An ware gado."

Na ce ya ba ni fom ɗin. Da ƙyar ya ba ni, da alama ya fi jin zafin rabuwa da shi fiye da komai. Ya fito daga motar ya shiga gida, ya buɗe baki zai yi sallama irin tasa, na ɗaga yatsa. Sai ga Yaya, mai ƙaton ciki, yana tafiya da sanɗa a tsakar gida. Ya tsaya a kan ƙaninsa ya raɗa, "Ashe rami ne." Maigida ya ce, "Uku." Yaya ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya dafa kafaɗarsa, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Da zai tafi ya ja motar a hankali har ya sha kwana, bai yi hon ba, abin da unguwar ba ta taɓa gani ba.

Na haɗa shayi na kawo, na zauna a gefensa na dama da fom ɗin da biro. Na buɗe shafin da rubutuna yake. Ban iya neman gafara ba, ban saba ba, bakina bai san hanyar ba. Sai na fara karanta masa abin da na rubuta, a hankali, ina sokewa.

"Yana magana a raɗe." Na soke.

"Yana yawo da safa." Na soke.

"Ya bar sana'arsa ba dalili." Na soke sau biyu, har takardar ta huje.

"Yana cewa yana jin idonsa." Na soke.

Na zo na ƙarshe na tsaya. Na ɗago, ai kuwa ga shi ya ƙura mini ido, kamar kullum. Na ce, "Malam, wannan fa? Likita ta yi bayanin zuciya, ta yi na ƙafa, ta yi na murya. Ba ta ce ramin yana sa mutum ya yi ta kallon matarsa kamar ya ga baƙuwa ba."

Ya ce, "In idon yana yawo ne yake ƙara. In na tsayar da shi wuri ɗaya, sai ya yi shiru."

"To?"

"To dole in tsayar da shi a kan wani abu." Ya ɗan ɗaga kafaɗa. "Na duba gidan, na ga gara ke."

Na ajiye biron. Ban ce komai ba, ni Lasifika. Na gyara zama na fuskance shi sosai, na tsaya cak yadda nake sa mutane su tsaya, ban motsa ba, ban haɗiyi yawu ba, har shayin ya huce.